Ranar Sallama: Inda Jinyar Mai Jarabar Ƙwaya Take Tsinkewa

Ga yawancin marasa lafiya, ranar da likita ya sa hannu a takardar sallama ranar farin ciki ce: a naɗe tabarma, a tattara kwanuka da fulas, 'yan dubiya su koma yi wa mutum sannu a gida. Amma ga wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin dangin ofiyam, wato hiroyin da fentanil da mofin, har da ƙannensu irin kodin da tiramadol, wannan rana tana cikin ranaku mafiya haɗari a rayuwarsa. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi diddigin mutum sama da 13,000 da irin waɗannan ƙwayoyi suka kashe a Ingila daga 2010 zuwa 2019, ya kuma tarar cewa a kwana biyun farko bayan sallama haɗarin mutuwa yakan ninka na sauran lokuta kusan sau huɗu. Mutumin da asibiti ya yi makonni yana faman ceto ransa daga wata cuta yana iya rasa ran nan tun tabon allurar ƙarin ruwa bai gama bushewa a hannunsa ba.

Asalin abin yana cikin yadda jiki yake sabawa da ƙwaya, da yadda yake saurin mantawa da ita. Waɗannan ƙwayoyi suna da gurbin da suke sauka a ƙwaƙwalwa da laka, inda suke kashe raɗaɗi, su kawo natsuwa da maye, sannan su rage saurin numfashi. Wannan na ƙarshen shi ne mai kisa. Wanda ya sha fiye da kima numfashinsa ne yake ja da baya sannu a hankali har ya ɗauke, sau da yawa yana kwance kamar mai barci, na kusa da shi suna jin minshari suna zaton hutawa yake yi. Mai sha kullum jikinsa yakan yi juriya, ta yadda adadin da zai kashe baƙon abin, shi da ƙyar zai hana shi ciwo. Sai dai juriyar nan ba ta da ƙarko. Kwanaki kaɗan na rashin sha sun isa ta fara zubewa, bayan 'yan makonni kuwa ta ragu ƙwarai, alhali ƙwaƙwalwa ba ta manta adadin da aka saba ba, kwaɗayin ma yana nan inda yake. Mutum ya fito, ya nemi dillalinsa na da, ya auna abin da ya saba aunawa, jikin da zai karɓa kuwa ya riga ya sauya.

Shi ya sa abin da jama'a suka fi ɗauka nasara, wato a kwantar da mutum a yaye shi daga ƙwaya baki ɗaya, ko a "wanke masa jini" kamar yadda ake faɗa a gari, yake zama sanadin ajali a wasu lokuta. A 2003 Farfesa John Strang da abokan aikinsa a Landan sun ba da rahoton mutum 137 da aka kwantar domin irin wannan yaye. Uku daga cikinsu shan fiye da kima ya kashe su cikin wata huɗu da sallama, kuma dukkan ukun suna cikin waɗanda suka kammala shirin lafiya lau, waɗanda da za a raba kyauta ranar sallama su za a fara ba. Adadin ba shi da yawa, amma abin da aka gani a gidajen yari ya ƙarfafa shi: a jihar Washintan ta Amurka, binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa a mako biyun farko bayan sakin fursuna, haɗarin ya mutu ta shan ƙwaya ya ninka na sauran mazauna jihar sau 129. Kurkuku da gadon asibiti ba ɗaya ba ne, amma dukkansu suna raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci su mayar da shi inda ya baro ta.

Yawancin waɗannan mutane ma ba jarabar ce take kai su asibiti ba. Wani ƙurji ne ya kumbura masa hannu a wurin da yake soka allura, wani ciwon huhu ne, wani haɗarin mota, wani kuma ƙwayar cuta ce ta bi jini ta zauna a ƙofofin zuciyarsa, cutar da maganinta kan ɗauki mako shida ana ɗura shi ta jijiya. Likitan zuciya ko na tiyata yana kallon abin da ya kawo mara lafiya, jarabar kuwa sai a bar ta a matsayin halin mutum, abin da ba na ɗakin jinya ba. To amma ita ba ta jira. Sa'a shida zuwa goma sha biyu bayan shan hiroyin na ƙarshe ciwon yankewa yake farawa: hamma, majina, zufa, ciwon ƙashi, amai da gudawa, rashin barci, da wata irin damuwa da masu ita ke cewa ta fi duk sauran wuyar ɗauka. Idan ba a magance wannan ba, mara lafiya zai tsige allurar ruwa ya fice, ko ya sa a shigo masa da ƙwaya ya sha a banɗaki. Nazarce-nazarce sun nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu yi wa kansu allurar ƙwaya suna barin asibiti kafin likita ya sallame su. A takarda sai a rubuta cewa ya tafi bisa raɗin kansa, a bakin ma'aikata kuma ya zama mai taurin kai, alhali ciwon da aka ƙi dubawa ne ya kore shi.

Magungunan da ke tare wannan ɓaraka ba sababbi ba ne. Metadon a Jamus aka fara haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930, amma likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, su ne suka nuna a birnin Niyok a 1965 cewa idan ana ba mai jarabar hiroyin shi kullum, zai iya komawa aiki da iyali. Yana sauka a gurbi ɗaya da hiroyin, bambancin yana cikin tafiyarsa: hiroyin tana hawa da gudu ta sauka da gudu, mai ita ya wuni tsakanin maye da ciwo, metadon kuwa yana shiga a hankali ya kwana ya wuni a jiki, don haka shan sau ɗaya a rana ya isa ya kashe ciwon yankewa da kwaɗayi ba tare da an bugu ba. Wannan daɗewar ita ce kuma haɗarinsa, domin yana taruwa a jiki a kwanakin farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan, galibi bai wuce miligiram 30 ba, a riƙa ƙarawa sannu sannu zuwa tsakanin 60 da 120 inda ya fi yin aiki. Gadon asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ke duba numfashi dare da rana, ya fi ko'ina dacewa da wannan mataki.

Bufrenofin, wanda aka gano a Ingila a 1966, aikinsa ya ɗan bambanta. Yana kama gurbin da ƙarfi sosai, har ya ture duk wata ƙwaya da ya tarar, amma rabin aiki yake yi idan ya zauna, kuma tasirinsa a kan numfashi yana da iyakar da ba ya wucewa ko an ƙara adadi, muddin ba a haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci ba. Wannan ya sa ya fi metadon aminci, har ana iya rubuta wa mutum na mako ko na wata ya tafi da shi gida ya riƙa sa wa a ƙarƙashin harshe, akwai ma allurarsa ta wata-wata da Amurka ta amince da ita a 2017. Matsalarsa tana wurin farawa. Idan aka ba da shi alhali hiroyin tana jiki, zai tumɓuke ta lokaci guda ya jefa mutum cikin ciwon yankewa mai tsanani cikin mintuna, kuma wanda ya taɓa ɗanɗana wannan da wuya ya sake yarda da maganin. Dole a jira ciwon ya fara da kansa tukuna. Zuwan fentanil, wanda ya fi hiroyin ƙarfi kusan sau 50 kuma yake maƙalewa a kitsen jikin mai yawan shansa, ya ƙara dagula lissafin jiran, abin da ya sa asibitoci da dama suka koma ga dabarar da likitocin birnin Ban na Suwizalan suka bayyana a 2016: a fara da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa cikin kwanaki, ba tare da an tsayar da ɗaya ƙwayar ba sai bufrenofin ya gama zama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, kuma hujjar da ta fi nauyi a kansu ita ce ƙidayar gawa. Wani nazari da ya tattara bincike-bincike da yawa, wanda mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2017, ya nuna cewa cikin kowane mutum 1,000 a shekara, kimanin 11 ne ke mutuwa yayin da suke kan metadon, amma 36 idan sun bar shi. Na bufrenofin kuwa kimanin 4 ne da kusan 10. A jihar Masacusets ta Amurka an bi mutum 17,568 da suka tsallake rijiya da baya bayan shan fiye da kima tsakanin 2012 da 2014. Idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu magani ba, waɗanda suka samu metadon mutuwar ƙwaya ta ragu a cikinsu da kashi 59 cikin 100, masu bufrenofin da kashi 38. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne, cikin shekara guda bayan sun kusa mutuwa, kusan uku kacal cikin goma ne suka samu wani magani daga cikin waɗannan. Sauran an farfaɗo da su, an sallame su, shi ke nan.

Ana iya cewa ai sai a ba su takarda su je cibiyar masu jaraba bayan sallama. An gwada, kuma an auna. A birnin Boston na Amurka, Dakta Jane Liebschutz da abokan aikinta sun raba marasa lafiya 139 kashi biyu, sakamakon ya fito a 2014. Kashi na farko an yaye su da bufrenofin cikin kwana biyar aka ba su bayanin inda za su nemi taimako. Kashi na biyu an fara musu maganin suna kwance, aka ba su guzurin da zai kai su ranar ganin likita, aka kuma haɗa su kai tsaye da asibitin da zai ci gaba da ba su. A kashi na farko 12 cikin 100 ne suka shiga magani, a na biyu 72. Shekara guda bayan haka aka ga irin wannan a sashen gaggawa na asibitin jami'ar Yel ta Amurka: waɗanda aka fara wa bufrenofin nan take, 78 cikin 100 suna kan jinya bayan kwana 30, waɗanda aka ba takardar turawa kawai 37. Takarda ba ta hana amai, kuma mutumin da aka ce ya dawo bayan mako biyu zai fara jin jiki kafin magariba.

Amma adalci ne a faɗi ragowar labarin na Boston. Bayan wata shida, kashi 17 cikin 100 ne kawai na rukunin da aka haɗa da asibiti suke kan maganin. Sun fi ɗaya rukunin, mai kashi 3, nesa ba kusa ba, duk da haka yawancinsu sun zube a hanya. Farawa a gado rabin aiki ne, sauran rabin yana cikin abubuwan da likita ba ya rubutawa: wurin kwana, kuɗin mota, wayar da za a kira mutum a kai, da dokar ƙasa. A Amurka, inda mutuwar shan ƙwaya ta haura 100,000 a shekarar 2021, doka ta yarda likita ya ba mai jaraba metadon yana kwance, amma ba ta yarda ya rubuta masa ya saya a kantin magani ba; sai a cibiyoyi na musamman, inda sau da yawa sabon shiga yake zuwa kusan kowace safiya, iyakar abin da asibiti ke iya ba shi na cike giɓi kuwa na kwana uku ne. Wanda aka sallama da yammacin Juma'a, cibiyar da ke kusa da shi tana da nisa ko ta cika, ya shiga uku. A Ingila da Kanada da Ostareliya a kantin magani na unguwa ake sha, amma can ma idan mutum ya tsallake kwana uku a jere ba a ba shi adadinsa na da sai likita ya sake dubawa, saboda juriyar ta fara sauka. Bufrenofin kuwa shekara ashirin likitan Amurka yana buƙatar izini na musamman kafin ya rubuta shi, da ƙayyade yawan marasa lafiyar da zai ɗauka, alhali ba a neman wannan izini wajen rubuta ƙwayoyin da ke jawo jarabar. Sai a ƙarshen 2022 aka soke sharaɗin. Faransa ta sakar wa likitocin unguwa mara tun tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin 'yan shekaru mutuwar hiroyin a can ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Har gidajen da ake kai marasa lafiya su ƙarasa murmurewa sun sha ƙin karɓar wanda ke kan waɗannan magunguna, sai da ma'aikatar shari'ar Amurka ta bayyana a 2022 cewa yin haka nuna wariya ne ga mai lalura.

Ƙorafin da aka fi ji, daga iyaye da malamai har da wasu likitoci, shi ne wannan musayar ƙwaya ce da ƙwaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin mai shan metadon jikinsa ya dogara da shi, idan ya tsaya kwatsam zai yi ciwo, kuma akan samu wanda ke sayar da nasa a bayan fage. Sai dai dogaron jiki da jaraba abubuwa biyu ne. Jaraba ita ce mutum ya ci gaba da neman abu yana gani yana rusa masa aure da sana'a da mutunci, ya sayar da babur ɗinsa, ya ɗauki sarƙar mahaifiyarsa. Wanda ya sa ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin harshe da asuba ya tafi kasuwa ya dawo da cefane ba ya cikin wannan hali, ko da zai shekara goma yana yi. A ganina tambayar da ta fi cutar da masu wannan lalura ita ce "yaushe za ka daina?", domin makonnin farko bayan barin magani su ma lokacin mutuwa ne, daidai da makonnin farko bayan sallama, kuma saboda dalili ɗaya.

Akwai magani na uku da masu wannan ƙorafi suka fi so, naltirekzon, wanda yake toshe gurbin ba tare da ya yi aikin ƙwaya ko kaɗan ba, ana kuma yin allurarsa sau ɗaya a wata. Yana aiki ga wanda ya samu ya fara, amma kafin a fara sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya a jikinsa. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2017, kashi 28 cikin 100 sun kasa tsallake wannan shinge, a ɓangaren bufrenofin kuwa kashi 6 ne. Wanda ya daɗe a kwance har jikinsa ya washe yana iya dacewa da shi, in dai an yi masa allurar kafin ya fita, an kuma gaya masa cewa ranar da ta sake shi ba shi da sauran juriya.

Duk waɗannan alƙaluma daga ƙasashen hiroyin da fentanil suka fito, namu yanayin kuwa yana da tasa siffar. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyam, musamman tiramadol, ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 sun sha maganin tari don maye, masu hiroyin kuwa ba su kai 100,000 ba. A watan Mayun wannan shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma hana kaya shiga kasuwa ba ya cire sabo daga jikin wanda ya riga ya saba. Tiramadol da doka ta sani na miligiram 50 ne da 100, wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa kuwa har 225 yake kaiwa, kuma ban da danne numfashi yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda ita ce take kai samari da yawa sashen gaggawa. Akwai kuma masu sikila da aka fara yi wa allurar fentazosin saboda ciwo na gaskiya, sabo ya shiga, har cinyoyinsu suka cika da gyambo. Ba kowane mai shan tiramadol ne yake buƙatar metadon ba, kuma ɗora mai ƙaramar jaraba a kan magani mai ƙarfi irin wannan kuskure ne. Amma darasin yaye da kulle ya shafe mu kai tsaye, domin abin da iyaye suka fi sani shi ne a kai yaro a tsare shi wata uku ko shida, ko a asibitin ƙwaƙwalwa ko a gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Ko da wurin ya kasance na mutunci, yaron da ya fito ba tare da wani shiri na bayan fita ba ya koma unguwarsu ne da jikin sabon shiga da ƙwaƙwalwar tsohon hannu.

Ba sai ƙasa ta yi arziki take iya wannan aiki ba. Tanzaniya ta buɗe cibiyar metadon a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Kenya ta bi sahu a asibitin Mathari na Nairobi a ƙarshen 2014, dukkansu a cikin asibitocin gwamnati. Mu kuma muna da abin da marasa lafiyar Boston da yawa ba su da shi, wato mai jinya: uwa ko yaya ko mata da ta kwana a tabarma a gefen gado, wadda kuma ita za ta tafi da shi gida. Ita ya kamata a zaunar ranar sallama a gaya mata ranar komawa da sunan wanda za a gani, a nuna mata alamun haɗari, wato barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, numfashi jefi-jefi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya sauya launi. Maganin wannan hali sunansa nalokson, wanda yake ture ƙwayar daga gurbinta ya dawo da numfashi cikin mintuna biyu zuwa uku. A Amurka tun 2023 ana sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Ƙarfinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, metadon da tiramadol kuwa sun fi haka daɗewa a jiki, kuma ba ya tsayar da jijjigar tiramadol, don haka ko mutum ya buɗe ido ya ce ya warke, mota za a nema a mayar da shi asibiti.